Neman shawara: yaya ake binciken yadda kamfanonin gini ke haɗuwa su fito da sabuwar dabara?

Ɗiyar Magini ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin tafiyar da ayyukan gine-gine, sana'ata kuma ƙididdigar kuɗin gini ce. Batun da na zaɓa in yi bincike a kai shi ne yadda kamfanoni daban-daban da aiki ɗaya ya haɗa su suke fito da sabuwar hanyar yin aiki tare, da kuma inda wannan dabarar take zuwa bayan an miƙa wa mai gini mabuɗinsa. Malamin da ke duba aikina ya amince da batun, sai dai ya ce in tsara takardar tambayoyi in raba wa kamfanoni, irin wadda mutum ke zaɓar "na yarda sosai" ko "ban yarda ba", in tattara in yi lissafi. Hankalina bai kwanta da wannan hanyar ba, kuma ga dalilina.

Na taɓa aiki a wani ginin ɗakunan kwanan ɗalibai, bene hawa uku, gine-gine huɗu iri ɗaya. Kuɗin katakon dekin ya yi mana yawa ƙwarai. Duk wanda ya san aikin ya san yadda abin yake: a sayo katako, a kafa turaku, a zuba kankare, a jira ya kama, a zo ɓallewa rabi ya tsage, ƙusa ta lalata saura, abin da ya rage ya ƙare a murhun mai abinci. Da aka zo gini na biyu, kafintan da ke riƙe da aikin katako, wanda shi ma ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa da yaransa, ya zauna da mai waldar da ke yi mana ƙofofi da tagogi. Suka samo bututun ƙarfe kala biyu, siriri yana shiga cikin mai kauri, suka huda ramuka a jere, ana zura guntun rodi a ramin da ya yi daidai da tsayin ɗaki. Turke ke nan da ake ɗagawa a sauke, a kwance shi a kai gaba. Na san ana sayar da irinsa a kasuwa, ba yau aka ƙirƙiro shi ba, amma a wurinmu sabo ne, kuma da hannunsu suka yi shi.

Injiniyan kamfanin da ke sa ido a kan aikin ya ce sam ba za a zuba kankare a kan abin da bai san ƙarfinsa ba. Sai da aka kafa turakun aka jibga musu buhunan siminti, ya zo ya auna ya ga ba su lanƙwashe ba, sannan ya rubuta tazarar da za a riƙa bari tsakanin turke da turke. Daga baya mai zanen ginin ya yarda ya ɗan gyara faɗin baranda a gine-gine biyun da suka rage, don falankin filawud mai ƙafa huɗu da takwas ya zauna ba sai an yanka ba. Kun ga hannu huɗu ke nan daga kamfanoni huɗu, ba wanda zai ce shi kaɗai ya yi.

Aiki ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Turakun suna jibge a sito, domin babban ɗan kwangila ne ya biya kuɗin bututun. A aikin da kamfanin ya samu na gaba, wani kafinta aka ɗauka, aka koma katako.

To in na aika wa shugaban wannan kamfani takarda ina tambayarsa ko suna haɗa kai da abokan aiki wajen sababbin dabaru, na tabbata "na yarda sosai" zai zaɓa, alhali bai ma san an yi wannan abu ba. Shi ya sa nake tambaya: me ya kamata in kafa bincikena a kai, kamfani, ko aikin, ko ita dabarar kanta? Akwai wuraren da aka yi irin wannan haɗin kai da gangan, aka kuma rubuta yadda ya kasance? Sannan ta yaya zan sa mutanen wurin aiki su saki jiki su yi mini bayani? Na gode.

Baban Sadiq ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, ki riƙe labarin turken nan da kyau, domin binciken naki yana cikinsa. Ni injiniya ne, ina aikin layin dogo a Ingila, kuma abin da kika gani ya daɗe yana ci wa mutanen nan tuwo a ƙwarya. A 1994 Sir Michael Latham ya fitar da rahoto yana kukan cewa harkar gini ta zama fagen gaba, mai aiki da babban ɗan kwangila da ƙananan 'yan kwangila kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure ya kama shi. A 1998 Sir John Egan ya biyo baya da nasa rahoton. Shi Egan asalinsa ba magini ba ne, daga kamfanin motoci na Jaguar ya fito ya shugabanci BAA, kamfanin da ke riƙe da filin jirgin saman Heathrow a lokacin. Tambayarsa ita ce: me ya sa mai ƙera mota ke zama da masu kawo masa kaya shekara da shekaru suna gyara aiki tare, mu kuwa kowane gini sai an tara sababbin fuskoki an faro daga farko?

Inda aka gwada maganar sosai shi ne tasha ta biyar ta Heathrow. An fara ginin a 2002, aka buɗe a watan Maris na 2008, a kan kuɗi kusan fam biliyan 4.3. BAA ta yi abin da masu ba da aiki ba su saba ba. Ta ce haɗarin aikin a wuyanta yake. Ba ta ce kowane ɗan kwangila ya yanka farashi ya mutu a kansa ba. Tana biyan kowa ainihin abin da ya kashe, littafin kuɗinsa a buɗe tana dubawa, ga ribar da aka daidaita tun farko, in kuma wata ƙungiya ta kammala ɓangarenta ƙasa da abin da aka ware, akwai lada. Ma'aikatan kamfanoni daban-daban suka zauna wuri ɗaya suna aiki a matsayin ƙungiya ɗaya. Ki duba abin da wannan ke canjawa. A kwangilar da muka saba, in na hango kuskure a zane, ribata ita ce in yi shiru har a gina shi, sannan in rubuto takardar neman ƙarin kuɗi. A wancan tsarin shirun ba ya kawo mini ko kwabo, don haka gara in faɗa da wuri.

Wani abu da suka yi zai tuna miki da buhunan simintinku. Rufin babban ginin ƙarfe ne mai nauyin gaske, kuma a filin jirgi ƙugiyar ɗaga kaya ba ta da ikon miƙewa sama yadda take so saboda na'urar rada. Kafin a fara, sai aka je Yorkshire aka harhaɗa wani sashe na ƙafafun rufin da girmansa na gaskiya, masu zane da masu ƙarfe da masu ɗagawa duk suna wurin, kowa ya ga inda abin zai ƙi zama tun ba a kai shi Heathrow ba. A gwada kafin a dogara, irin abin da injiniyanku ya nace a kai. Bambancin shi ne a can mai aikin ne ya ɗauki kuɗin gwajin da saninsa, ku kuwa sa'a kuka ci wani ya yarda ya sayi bututu.

Misali na biyu ya fi kusa da tambayarki. Andrew Wolstenholme, wanda ya jagoranci ginin waccan tasha, shi ya zama shugaban Crossrail a 2011, aikin da aka haƙa ramukan jirgin ƙasa na kilomita 42 a ƙarƙashin Landan. A nan suka kafa wani shiri mai suna Innovate18 tare da masu bincike na jami'ar Imperial College. Manyan 'yan kwangilar aikin, waɗanda a waje abokan hamayya ne, kowa ya zuba kuɗi a asusu ɗaya, Crossrail ta zuba nata. Aka buɗe shafi a intanet inda ma'aikacin kowane kamfani zai kawo shawara, a tantance, a ba wadda ta cancanta kuɗin gwaji. Sharaɗin shi ne abin da aka gano a wannan tasha, kamfanin da ke gina waccan tashar ma zai gani ya ɗauka. Da ake ganin aikin ya doshi ƙarewa, a 2016 aka mayar da tsarin wata ƙungiya mai suna i3P don manyan ayyukan ƙasar su ci gaba da amfani da shi. Wato sun hango matsalar turakun da ke kwance a sito, suka nemi inda dabara za ta zauna bayan an watse.

Ra'ayina, ki fara daga takardar kwangila. Ki nemi sanin wa ke ɗauke da asara in gwaji ya lalace, wa kuma ke cin riba in ya yi kyau. In kin samu amsar wannan, rabin halin mutanen wurin zai bayyana miki.

Tsohon Foman ya rubuta:

'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Ɗana ne ya nuna mini tambayarki ya ce in ce wani abu. Ni ban yi karatun da kuka yi ba, amma tun ana zuba dekin da kwanon sarki, lebura na bin lebura a kan tsani, nake wannan aiki, daga Kano har Abuja.

Maganar injiniya gaskiya ce, sai dai ta can ce. A nan aikin gwamnati, dokar sayen kaya ta 2007 ta ce wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi shi za a ba. Mutum ya matse farashi don ya ci, ya fara aiki, siminti ya tashi, takardar biyansa tana kwance a ofis wata da watanni. Wanda ke cikin wannan hali ba ya neman sabuwar dabara don sha'awa, yana nemanta ne don ya tsira. Kuma ki ce masa ya buɗe littafin kuɗinsa mai aiki ya gani? Ko ƙaninsa ba ya nuna wa.

Amma kar ki ɗauka ba a haɗa kai. Ana haɗawa, sai dai ba a takarda ba. Mai buga bulo da ya ba ka bashin tifa goma lokacin da ba ka da ko sisi, in ya ce maka ka canja girman bulon katanga, za ka saurare shi. Mai walda da kuka yi aiki uku tare, in ya ce zai iya, za ka bar shi ya gwada. Amana da bashi su ne kwangilarmu ta gaskiya. Wurin gini kasuwar ƙauye ce, a ci yau a watse, amma masu cin ta sun san juna, gobe za su haɗu a wata. Saboda haka dabarar nan taku ba ta mutu ba. Ki nemo kafintan. Ina kyautata zaton duk inda yake yanzu, in ya samu mai aikin da zai saya masa bututu, da irin turken yake aiki. Ilimin ginin ƙasar nan a kan masu sana'a da yaransu yake yawo, ba a ofishin kamfani ba.

Abu biyu nake so ki tambaya waɗanda ba ki ambata ba. Na farko, yaya ake biyan kafintan? In kuɗin hannu kawai ake ba shi, katako na kamfani ne, to rage katako bai ƙara masa komai ba sai dai saurin aiki. In kuwa jimla aka yi da shi har da katako, to aljihunsa yake karewa. Waɗannan mutum biyu ne daban. Na biyu, wa ya yi asara da aka daina sayen katako? Akwai mai kawo shi, akwai wanda ake aikawa sayowa. Ba na zargin kowa, amma na sha ganin dabara mai kyau ta mutu saboda ta taɓa abincin wani, ba wanda ya fito ya ce ba ya so, sai dai ka ga an daina.

Kuma ki sani, mai sana'a yana ɓoye abin da ya iya da dalili. In ya koya wa kamfani yau, gobe a kira wanda ya fi shi araha a ce ya yi irin na wane. Wannan tsoro na gaskiya ne, ki rubuta shi a cikin littafinki.

Malamar Jami'a ta rubuta:

Salam. Ina koyarwa a wannan fanni, kuma ɗalibai da yawa sun kawo mini irin wannan batu da takardar tambayoyi. Sakamakon kusan kullum ɗaya ne: jerin "abubuwan da ke hana haɗin kai", rashin kuɗi a sama, rashin amana na biye. Ba ƙarya ba ne, amma ba wanda zai karanta ya san abin da zai yi gobe da safe a wurin aiki. Don haka ina goyon bayanki.

Ga ginshiƙin da za ki kafa hujja a kai gaban malaminki. A 2002 wasu masu bincike biyu na jami'ar Chalmers a Suwidin, Anna Dubois da Lars-Erik Gadde, sun bayyana harkar gini da cewa a cikin aiki ɗaya kamfanoni suna ɗaure da juna tamau, kafinta ba ya motsi sai mai rodi ya gama, amma tsakanin aiki da aiki igiyar a sake take. Shi ya sa ake yawan warware matsala a wurin aiki, ba a cika tara abin da aka koya ba. Baba Foman ya faɗi wannan da bakinsa, har ya ƙara abin da ya kamata ki gwada a nan: wataƙila igiyar da ke ɗorewa a wurinmu ba tsakanin kamfanoni take ba, tsakanin masu sana'a take. Wannan kaɗai ya isa tambayar bincike. In kuma kina son adadi don buɗe babi na farko, rahoton kamfanin ba da shawara na McKinsey na 2017 ya ce a cikin shekara ashirin yawan abin da ma'aikacin gini ke samarwa ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin ɗari a shekara, na masana'antun ƙere-ƙere kuwa kashi 3.6.

Injiniya, ka yi mini haƙuri, zan ɗan ja da kai. Misalanka biyu suna da kyau amma kowanne yana da ɗaya fuskar. An gama tasha ta biyar a kan lokaci da kuma kuɗin da aka ware, amma a kwanakin farko na buɗewa tsarin jigilar jakunkuna ya rikice, aka soke tashin ɗaruruwan jirage. Haɗin kan da aka yi tsakanin masu gini bai kai haka ƙarfi ba tsakaninsu da masu amfani da ginin. Sannan a 2006 wata gamayya ƙarƙashin kamfanin Ferrovial na Sifaniya ta sayi BAA, kuma da aka zo sake gina tasha ta biyu ba a maimaita wancan tsarin kwangila yadda yake ba. Crossrail kuwa an tsara buɗe shi a Disamba 2018, bai buɗe ba sai Mayu 2022, kuɗin ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan 19. Dabaru sun yi yawa a shafinsu, amma inda aikin ya cije shi ne haɗa na'urorin sigina da jirage da tashoshi su yi aiki tare. Abin da nake so ɗalibar nan ta ɗauka shi ne, yawan shawarwarin da aka tara ba shi ne ma'aunin nasara ba, kuma yawancin labaran nasara waɗanda suke kusa da aikin ne suka rubuta su.

Ki duba Finland ma. Ramin mota na birnin Tampere, tsawonsa kilomita 2.3, an buɗe shi a Nuwamba 2016, kimanin wata shida kafin lokacin da aka sa. Hukumar birni da hukumar sufuri ta ƙasa da ɗan kwangila da kamfanonin zane duk suka sa hannu a yarjejeniya ɗaya. Sun yi kusan shekara suna tsara aikin tare kafin su amince da kuɗin da za a nufa, kimanin Yuro miliyan 180. In an kashe ƙasa da haka a raba ribar, in an haura a raba asarar, kuma ba a yanke hukunci sai kowa ya yarda. Abin da ya sa na kawo shi, kuɗin jama'a ne, ƙarƙashin dokar sayen kaya ta gwamnati, amma ba a zaɓi abokan aiki da arahar farashi kaɗai ba, an duba har yadda mutanensu ke aiki da wasu. Wannan ya fi Heathrow amfani in kina so ki yi magana kan abin da dokarmu ta bari da abin da ta hana.

Yanzu ga hanya. Ki bi dabarar, kar ki bi kamfanin. Ki zaɓi dabaru uku ko huɗu a wurare daban-daban, kuma lallai a ciki a samu wadda ta mutu, domin ita ce za ta fi koya miki. Kowacce ki fara da wanda ya taɓa ta da hannunsa, ki tambaye shi abin da ya faru, ba abin da yake gani ya dace ba. Wace matsala ce ta taso? Wa ya fara furta maganar, a ina? Wa ya ƙi? Wa ya biya? Wa ya sa hannu? Duk sunan da ya ambata, shi ne mutum na gaba da za ki nema. A hankali za ki zana taswirar wa ya yi magana da wa, kuma sau da yawa za ki tarar akwai mutum ɗaya a tsakiya wanda muƙaminsa bai nuna haka ba, mai sito ko foman ko ƙaramin injiniya.

Kar ki dogara da baki kaɗai, domin bayan abu ya yi kyau kowa na tuna kansa a gaba. Ki nemi bayanan taron wurin aiki, da littafin da injiniya ke rubuta umarni, da takardun canjin aiki, da takardun shigowar kaya. Hotunan WhatsApp na ma'aikata ma shaida ne, suna ɗauke da kwanan wata. Ki yi hirar da harshen da mutum ya fi sakewa, ki nemi izininsa, ki ɓoye sunansa da na kamfanin. Ita kuwa takardar tambayoyin, ba sai kin yi jayayya da malaminki ba. Ki ce za ki yi ta a mataki na biyu, da tambayoyin da suka fito daga abin da kika gano. A lokacin za ta yi ma'ana.

Baban Sadiq ya rubuta:

Malama, na karɓi gyaran, musamman kan Crossrail. Mu da ke cikin layin dogo mun san inda ya cije. Amma ina nan kan bakana cewa in mai aiki bai ɗauki wani kaso na haɗari ba, duk wani taron haɗin kai shan shayi ne kawai. Ribar 'yan kwangila a nan siririya ce ƙwarai. Carillion, ɗaya daga cikin kamfanonin gini mafi girma a ƙasar, ya durƙushe a Janairu 2018 ya bar dubban ƙananan kamfanoni da bashi. Wanda ke tsoron irin wannan ba zai yi gwaji da kuɗinsa ba.

Ga wani nau'in da ba mu taɓa ba, ko da layi biyu ne ki ambace shi don a san kin san da shi. Duk abin da muka faɗa haɗin kai ne a kan aiki ɗaya. A Japan manyan kamfanonin gini kowanne yana da cibiyar bincike tasa, amma a 2021 Kajima da Takenaka da Shimizu suka jagoranci kafa wata gamayya don su riƙa ƙera mutum-mutumin aiki da na'urorin wurin gini tare. Ma'aikatansu suna tsufa, matasa ba sa shigowa, kuma ƙananan 'yan kwangilar da ke yi wa wannan aiki su ne ke yi wa wancan. Ba shi da amfani mutum ɗaya ya koyi na'ura uku masu aiki iri ɗaya. Wannan haɗin kai ne tsakanin abokan hamayya, ba tare da wani gini ya haɗa su ba, kuma tambayoyinsa daban ne da naki.

Ɗiyar Magini ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, kun buɗe mini ido. Na zauna na sake tsara shawarar binciken. Zan bi dabaru uku a Kaduna da Zariya, ɗaya a aikin gwamnati, biyu a na 'yan kasuwa, don in ga ko yadda aka ba da kwangila yana canja wanda ke da bakin magana. Kowacce zan duba yadda ake biyan wanda ya kawo ta da kuma wanda ta rage wa samu, kamar yadda Baba ya ce. Tampere da Heathrow za su shiga babi na biyu, kowanne da fuskokinsa biyu.

Baba, saura abu ɗaya da ke damuna. Jami'a tana so in naɗi muryar waɗanda zan yi hira da su, kuma dole in nuna ko dabarar ta rage kuɗi. Na san da zarar na fito da waya na ambaci kuɗi, bakin kowa zai mutu, balle ga mace da ba su sani ba. Yaya zan shiga?

Tsohon Foman ya rubuta:

'Yata, ki fara samun izinin mai kamfani, amma kar ki shigo da shi ko a motarsa, in ba haka ba za a ɗauke ki 'yar rahoto. Shi ya kira foman ya gaya masa, ke kuma ki zo da ƙafarki, da takalmin aiki da hular kwano, ki gaishe da foman ki bar shi ya gabatar da ke. Ranar farko waya ta zauna a jaka. Ki zagaya, ki tambayi abin da kika gani da idonki, mai sana'a yana son a tambaye shi yadda ya yi abu. In sun saba da fuskarki, sai ki ce makaranta ta ce a naɗa, wanda ya ƙi ki rubuta da biro.

Kar ki je ranar zuba dekin, ba mai sauraronki. Ki je kwanakin da ke biye, lokacin da ake ba kankare ruwa, kafintoci suna jiran ranar ɓalle katako, suna da sarari.

Kuɗi kuwa kar ki tambaya. Ki tambayi yawa. Katako nawa ya shiga ginin farko, nawa ya shiga na biyu, kwana nawa aka yi ana kafawa, mutum nawa suka yi. Mai sito yana da wannan a littafinsa kuma ba ya jin nauyin faɗa. Farashin katako kuma ki je kasuwar 'yan katako ki tambaya kamar mai saye, sauran lissafin aikinki ne.